Kilomita 21 a Ƙasar Muniyo: Tafiya Daban, Gudu Daban

Idan aka ambaci gudun famfalaki a majalisar ƴan kasuwar Gure, ko a inuwar da ma'aikata ke shan shayi bayan an tashi daga biro, ba za a rasa wanda zai kaɗa kai ya ce ai wannan wasan yara ne ba. Hujjarsa kuwa a shirye take: me kilomita 21 za ta yi wa jikan mutanen da suka riƙa kora jakuna da raƙuma ɗauke da kanwa da mangul daga ƙasar Manga har Kano, da ƙafa, cikin rana da rairayi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin kuwa har gobe akwai makiyayan da ke share wannan nisa tsakanin rijiya da makiyaya ba tare da sun ɗauke shi a bakin komai ba. To amma akwai abu biyu da mai wannan magana ya manta. Na farko, ba shi ne ya kora jakunan ba. Shi shekara goma sha biyar ke nan yana zaune a kan tabarmar rumfa ko kujerar biro, ko masallacin unguwa sai a kan moto yake zuwa. Na biyu, tafiya daban, gudu daban.

Mai tafiya ba ya rabuwa da ƙasa, kullum ƙafarsa ɗaya tana kafe. Mai gudu kuwa tsalle yake yi daga ƙafa zuwa ƙafa, kuma duk saukar da ya yi, nauyin da ke faɗa wa ƙafar ya ninka nauyin jikinsa sau biyu zuwa uku. A cikin kilomita 21 zai yi irin wannan sauka wajen sau dubu ashirin. Mutum mai kilo 85 sai ya zauna ya yi wa gwiwarsa wannan lissafi, kamar yadda yake yi wa motar da zai yi wa lodi, kafin ya yi alkawarin da zai ba shi kunya a gaban jama'a.

Cikakken gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, kilomita 42 ne da mita 195, nisan da aka yi a wasannin Olimpik na Landan a 1908, daga baya aka mayar da shi ƙa'ida. Rabinsa shi ne kilomita 21 da mita 97 da rabi. A filin wasa mai zagayen mita 400, zagaye 52 ke nan da kusan kashi uku cikin huɗu na wani. Ga wanda ya saba bin babbar hanya mai lamba 1, wato hanyar Haɗin Kai, nisan ya yi kusan kashi ɗaya cikin takwas na tazarar da ke tsakanin Gure da Damagaram. A mota, kafin a gama gaisawa da abokin zama an wuce shi. Da ƙafa, cikin tafiyar ƙasaita, ya fi awa huɗu.

Gwanayen duniya sun mayar da shi abin ƙasa da awa guda. Moses Tanui na Kenya ne ya fara karya wannan shinge a birnin Milan a 1993, da minti 59 da daƙiƙa 47. A 2024 Yomif Kejelcha na Habasha ya gama shi a Balensiya ta ƙasar Sipaniya cikin minti 57 da daƙiƙa 30, wato kowace kilomita cikin ƙasa da minti uku, saurin da mai keke ma sai ya dage kafin ya riƙe shi. A wannan birni ne kuma Letesenbet Gidey, ita ma ƴar Habasha, ta yi awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a 2021. Ana kawo waɗannan alƙaluma ne don a san su, a kuma ajiye su can gefe, domin ba su da wata alaƙa da malamin lakwal ko mai sayar da atamfa da zai gwada karo na farko. Shi idan ya riƙe minti bakwai a kowace kilomita, zai iso cikin kusan awa biyu da rabi, kuma wannan abin a taya shi murna ne.

Ƙasar Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ko da yake kokowa ta mamaye zukata tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975. Abdu Manzo ya ɗauki tutar ƙasa a cikakken gudun famfalaki a wasannin Olimpik har sau uku a jere: Los Anjelis a 1984, Seyul a 1988, da Basalona a 1992. A Seyul ya gama kilomita 42 ɗin cikin awa 2 da minti 25. Yara da yawa suna iya jero sunayen sarakunan kokowa ba tare da tuntuɓe ba, amma a tambaye su wannan suna a ga yadda za su kalli juna. Wannan rashin adalci ne ga mutumin, hasara ce kuma ga yaran.

To, wanda ya ƙudura niyya, daga ina zai fara? Daga gidan likita. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da ƙiba, ko yake shan taba, ko aka san hawan jini da ciwon sukari a gidansu, wajibi ne a auna masa jini da sukari, a saurari zuciyarsa. Hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, ba ya yin sallama kafin ya shigo, kuma mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Akwai kuma batun amosanin jini, wato emasi. Wanda ya gaji ciwon ta ɓangare ɗaya kawai yakan rayu lafiya ƙalau, amma aikin ƙarfi mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya zame masa haɗari. Gara ya san matsayinsa tun da wuri. Ba don a hana kowa gudu ake wannan awo ba. Hasali ma masu hawan jini da sukari sun fi kowa bukatar motsa jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba kowane baligi shawarar aƙalla minti 150 a mako. Abin nufi shi ne likita ya faɗa wa mutum inda iyakarsa take.

Sai batun lokaci, wanda a Gure shi ne rabin aikin. Mai gudu a Turai yana zaɓen watan da ya ga dama. A nan kuwa yanayi ne ke yi wa mutum zaɓi. Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ba watannin fara komai ba ne. Damina tana zuwa da aikin gona da sauro. Ƙofar da ke buɗe ita ce daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, wato daga Oktoba zuwa Fabrairu. Wanda bai taɓa gudu ba yana bukatar wata huɗu, wanda ya saba buga ƙwallo zai iya yi cikin uku. Sai kuma a dubi inda azumi ya faɗo, tunda kowace shekara yana matsowa gaba da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka; dogon gudu da bakin azumi ganganci ne, mai son ya riƙe jikinsa a watan sai ya yi ɗan kaɗan bayan buɗa-baki.

A makonni huɗu na farko, abin da ake so shi ne mutum ya haɗiye girman kai. Gudu na minti ɗaya, tafiya ta minti biyu, a maimaita har rabin awa, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Ma'aunin sauri kuwa ba agogo ba ne, baki ne: idan mutum ba ya iya amsa gaisuwar wanda ya gamu da shi ba tare da haki ba, to ya yi sauri da yawa. Daga nan a riƙa tsawaita gudun ana rage tafiyar, har a iya kilomita biyar ba tsayawa. Bayan haka sai a ware rana ɗaya a mako, Asabar ko Lahadi ga ma'aikaci, ranar da ba ta kasuwa ba ga ɗan kasuwa, don dogon gudu: kilomita 6, sannan 8, sannan 10, ana ƙarawa sannu a hankali har a kai 17 ko 18. Duk mako na huɗu a ja da baya, a bar jiki ya farfaɗo. Ba dole ba ne a cika 21 ɗin a lokacin shiri, ranar gasa za ta cika sauran.

A nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa, kuma dalilin yana da ban mamaki. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Cikin wata guda mutum zai ji numfashinsa ya buɗe, ya ji kamar an mayar masa da shekara goma. Jijiyoyi da ƙasusuwa da guringuntsi kuwa ba sa bin wannan sauri, sukan ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. Sai mutum ya bi daɗin numfashi ya ninka nisa cikin mako ɗaya, kwana kaɗan a gan shi yana ɗingishi, ƙwauri ko agara ko gwiwa ta ƙi. Ɗan kasuwa ya san wannan a sana'arsa: jarin da aka cusa wa riba fiye da ƙarfinsa shi ne ke karyewa. Masu horarwa sukan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi a makon da ya gabata. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙasar kanta tana da nata sharuɗɗa. Rairayi mai laushi, irin wanda ke kewaye da gari da kan tuddai, yana sassauta wa gwiwa amma yana cin ƙarfi, yana kuma wahalar da agara da dambubu. Kilomita biyar a cikinsa ta fi bakwai a kan kwalta gajiyarwa. Yana da amfani sau ɗaya a mako don ƙarfafa ƙafa, amma tunda gasa a kan kwalta ake yin ta, dole ƙafa ta san kwalta. Mai bin babbar hanya ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da ke tahowa, ya sa riga mai haske, ya kuma tuna cewa direban babbar mota da ya kwana yana tuƙi daga Difa ba ya tsammanin ganin mutum a guje da asuba. Auna nisa ba wuya: a hau moto mai lafiyayyen ma'auni, a sa alama da dutse ko a lura da wata bishiya a kowace kilomita, ko a yi amfani da wayar hannu. Wanda ya ce zai yi koyi da Abebe Bikila, wanda ya ci gasar Roma a 1960 ba takalmi, sai a tuna masa cewa titunan Roma ba su da ƙarangiya. Takalmin gwanjo ya isa, muddin tafinsa bai cinye ba, kuma akwai sararin yatsa ɗaya a gaba, saboda ƙafa tana kumbura a dogon gudu. Sabon takalmi ranar gasa kuwa neman bororo ne.

Hunturu yana kawo sanyin da mai gudu ke so, yana kuma kawo ƙura. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango tsaunuka, irin ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, zama a gida ya fi, musamman ga mai asma. Rana ɗaya da aka tsallake ba ta ɓata shiri.

Babban abokin gaba dai shi ne zafi, kuma ba ya jin kunyar kowa. A gasar duniya ta birnin Doha a 2019, saboda tsoron rana sai da aka bari dare ya raba kafin a saki mata masu gudun famfalaki, amma duk da haka cikin 68 da suka tashi 40 kaɗai suka kai ƙarshe. Waɗannan kuwa gwanaye ne da ba su da wata sana'a sai gudu. Jikin mai gudu tanderu ne: mafi yawan ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, kuma gumi ne ke fitar da shi. Mutum na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu cikin awa guda. Abin da ke yaudara a busasshiyar iska irin ta Gure shi ne gumin yana bushewa nan take, riga ba ta jiƙewa, sai farin gishiri a wuya da goshi, mutum ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Hanya mai sauƙi ita ce a hau sikeli kafin a fita da bayan an dawo: duk kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya ce ta ruwa ta tafi. Fitsari ma shaida ne. Idan ya yi ja kamar shayi, jiki yana bin bashi.

Ba a kuma biyan wannan bashi da ɗurawa ba ji ba gani. Wanda ya cika cikinsa da zallan ruwa fiye da abin da ya zubar yana tsinka gishirin jininsa, wannan ma yana kashewa. A sha gwargwadon ƙishirwa, kurɓi kaɗan a kai a kai. A dogon gudu, haɗin nan da iyaye mata suka sani na maganin zawo ya wadatar: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kanwa, duk da arzikinta a wannan yanki, ba ta maye gurbinsa. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan fara ƙarewa bayan kamar awa ɗaya da rabi, shi ya sa sabon mai gudu kan ji ƙafafunsa sun zama itace wajen kilomita ta 15. Mutanen Turai suna sayen wani abin lasa mai tsada saboda wannan. Mutumin Gure, wanda dabino ke fitowa a kwaruruwan ƙasarsa, sai ya jefa uku ko huɗu a aljihu ya huta. Fura da nono kuwa a bar su sai an dawo.

Abu biyu ne ba sa karɓar uzuri. Wanda ke jin zazzaɓi, ko bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, kada ya yi gudu har sai ya murmure sarai. Sannan ƙwaya: tramol ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, toshe kunnen jiki kawai take yi don kada ya ji gargaɗi, ga kuma farfaɗiya da take iya jawowa. Ƙwayoyin kashe ciwon gaɓoɓi da ake saya a tire su ma, idan suka haɗu da ƙishirwa, ƙoda ce ke biyan kuɗin. Idan kuma aka ga abokin gudu ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko bai gane mutane ba, to zafi ya hau masa kai. Ba lokacin ƙarfafa masa gwiwa ba ne. A kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafi, a kwarara masa ruwa a duk jiki ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa gidan likita ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Ciwon ƙirji ko jiri ma umurnin tsayawa ne.

Akwai wani shinge da ba a rubuta shi a littattafan masu horarwa ba, alhali a garuruwa irin Gure ya fi rairayi wuyar ƙetarewa, shi ne kunya. A al'ada babba ba ya gudu. Idan aka ga magidanci a guje, tambayar farko ita ce “Lafiya?”, domin ko gobara ce, ko ɓarawo, ko wani mugun labari. Gudu na soja ne da jandarma da ƴan lakwal. Alhaji mai rumfa uku, ko shugaban ma'aikata da ake rusuna wa, yaya zai fito yara suna binsa suna dariya? Wannan tunani ya zaunar da mutane da yawa har ciwo ya zo ya kwantar da su, kuma kwanciyar jinya ba ta fi gudu mutunci ba. Maganin abin shi ne jama'a. Mutum ɗaya a guje abin kallo ne, mutum shida ƙungiya ce. Ba kuma sai an sa gajeren wando ba, dogon wando mara nauyi da riga mai shan iska sun isa. Ga mata shingen ya fi tsawo, amma filin lakwal mai katanga da abokan tafiya suna rage shi, kuma tun da Aminatu Seyni ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a Amurka a 2022, ba wanda zai ce ƙafar ƴar Nijar ba ta gudu ba ce.

Saura inda za a yi gasar. Yamai ta fi kilomita 1000 daga Gure. A Nijeriya, Legas tana shirya babbar gasarta tun 2016, Kaduna ma ta yi ta kilomita 21 a 2020, amma kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su kashe wa ƙaramin ma'aikaci gwiwa. Alhali abin da gasa ke bukata bai taka kara ya karya ba: hanya da aka auna kilomita 10 da mita 550, a je a dawo, izinin hukuma da jami'an da za su tsare motoci, jarkar ruwa a kowace kilomita uku, ma'aikacin lafiya da mota ɗaya a bayan na ƙarshe. Ƴan kasuwar da ke zuba kyaututtuka a filin kokowa ba za su gaza wannan ba. Tsakiyar Disamba, wajen ranar 18 ga wata da aka kafa Jamhuriya a 1958, lokaci ne da ya dace, ga sanyi, ga rana ba ta fitowa sai wajen shida da rabi.

Mako biyu kafin ranar a rage nisa da kusan rabi; ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ba a samu cikin wata uku ba, ba za a same shi cikin kwana goma ba. Daren ranar a ci tuwo ko shinkafa da aka saba, ba mai yawa ba yaji. Da asuba ɗan kunu ko burodi da shayi, awa biyu kafin tashi. Idan aka busa usur, samari za su fita kamar an koro su, jiki kuma zai so ya bi su saboda idon jama'a. A bar su su tafi. Kilomita biyar na farko a yi su a hankali fiye da yadda zuciya ke so, a tsakiya a riƙe saurin da aka saba, a ci dabino wajen ta 10, a yi tafiya ta minti ɗaya a wurin shan ruwa idan da bukata, babu dokar da ta hana. Da yawa daga cikin samarin nan za a tarar da su a tsaye wajen kilomita ta 16, hannu a ƙugu.

Bayan an iso kada a zube nan take. A ɗan zagaya minti goma, a sha ruwa, a ci abinci. Kwana biyu cinyoyi za su yi tsami, ruku'u da sujada za su yi nauyi, hawa moto ma sai an yi dabara. Wannan ba ciwo ba ne, yana wucewa da kansa. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙashi, ko kumburin da ya wuce mako, ko fitsarin da ya yi baƙi, shi ake kai wa likita. Sauran kuwa hutun mako guda ne, sannan a koma kilomita biyar sau uku a mako, ana matsar da lokacin fita zuwa bayan sallar asuba kai tsaye yayin da bazara ke ƙaratowa.